Injin da ke rawa a silo: ƙarfi ne ko ciwo?

Wata magana na yawo tsakanin matasan direbobi da yaran gareji: wai idan aka sa wa mota kamshaf irin na motar tsere za ta riƙa tashi sama, kuma wai injin da ke rawa yana gurnani a silo shi ne mai ƙarfi. Ban ga laifin mai son gudu ba. Duk wanda ke ɗaukar fasinja daga Pauwa zuwa Ƙanƙara, ko ya bi ta Sheme zuwa Faskari, ko ya nufi Sabuwa, ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin nan. Amma maganar rabinta gaskiya ce, rabinta kuwa tana iya kashe mutum.

Kamshaf sandan ƙarfe ne mai ƙulle-ƙulle a jiki, shi ke danna bawul su buɗe su rufe. Karanshaf, babban sandan inji, na juyawa sau 2, kamshaf ya juya sau 1. Na motar tsere ƙulle-ƙullensa sun fi tudu da faɗi, saboda haka bawul kan daɗe a buɗe, kuma lokacin da bawul ɗin shigar mai da na fitar hayaƙi suke buɗe tare yakan ƙaru. Idan inji na juyi 6,000 a minti, wannan alheri ne, domin hayaƙin da ke fita da ƙarfi shi ke janyo sabuwar iska. To amma a silo, inda juyin bai wuce 700 zuwa 900 ba, hayaƙin kan dawo ya gauraya da mai, wuta ta kama a wannan silinda ta ƙi kamawa sosai a waccan. Gurnanin da ake ji a manyan motocin Amurka masu silinda 8 da aka sa wa irin wannan kamshaf ke nan. Ashe dai gaskiya ne kamshaf na ƙara ƙarfi, gaskiya ne kuma yana sa rawa.

Abin da ba a faɗa shi ne, ƙarfin can sama yake zuwa, a ƙasa kuwa raguwa yake yi. Golf mai cike da mutane da buhunan masara, tana bin ramuka a giya ta biyu, ƙarfin ƙasa take buƙata. Ga shan mai, alhali tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi kowa ya san kuɗin lita. Mafi muni, a motar fetur zuƙar iskar da inji ke yi ita ke taimakon birki. Babban kamshaf na rage wannan zuƙa, sai birki ya yi tauri a ƙafa, inji kuma ya riƙa mutuwa da zarar an ɗaga ƙafa daga totur. A hanyar da ba a son tsayawa, wa ke son haka?

Cewa duk injin da ke rawa mai ƙarfi ne, wannan ƙarya ce tsagwaronta. A motocinmu na haya rawa ciwo ce. Ko fulogi ya mutu, ko tiyon iska ya tsage, ko kafireta ko nozul ya toshe, ko bel ɗin taimin ya tsallake haƙori ɗaya. Sa hannu kan sitiyari mota na tsaye: in yana karkarwa, salansa na "fut-fut", gareji za ka nufa.

Masu ƙera motoci sun daɗe da warware matsalar samun ƙarfi a gudu ba tare da rawa a silo ba. Honda ta fito da VTEC a 1989, Toyota kuma ta kawo VVT-i, inda inji ke sauya lokacin buɗe bawul da kansa, ya yi lafiya a silo, ya yi ƙarfi a gudu. Matsin baƙin mai ke tafiyar da wannan dabara, shi ya sa Corolla da aka bari da tsohon mai kan soma rawa har a ɗora wa kamshaf laifi.

Direba, kafin ka aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo maka kamshaf, ka sa bakanike ya duba fulogi, tiyo, taimin da baƙin mai. In kuwa kamshaf ɗinka ya cinye da gaske, ka nemi wanda lambarsa ɗaya da wanda kamfani ya sa.