Ina hadarin gabas ke zuwa in ya wuce mu?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san hadarin damana daga gabas yake tasowa. Gabas ta yi baƙi, iska ta zo da ƙura, ruwa ya zuba, gari ya lafa. Bayan kwana 3 zuwa 5 wani ya sake haɗowa. To wanda ya wuce, ina ya tafi? Yamma ya nufa, kuma tafiyarsa ba a Yamai take ƙarewa ba. Wani har teku yake ƙetarewa, ya sauka kan mutanen da ba su taɓa jin sunan Maraɗi ba.

Ga yadda abin yake. Da damana iskar Sahara, arewa gare mu, zafi gare ta kuma busassa ce. Iskar kudu, mai zuwa daga teku, tana da sanyi da laima. Tsakaninsu, can sama wajen kilomita 3 zuwa 4, wata iska mai ƙarfi na gudu daga gabas zuwa yamma. Ba miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar maciji cikin rairayi, kuma kowace lanƙwasa tana tara gajimare. Lanƙwasar nan ita masana yanayi ke ce ma igiyar iskar gabas. Mafarinta wajen duwatsun Habasha da Darfur. Ta bi ta Cadi, Nijar da Mali, ta faɗa tekun Atlantika wajen Senegal da Gine. Wajen 60 ke fita kowace shekara.

Mafi yawansu ba su zama komi. Busasshiyar iska da ƙurar Sahara na shaƙe su bisa hanya. Amma in igiya ta tarar ruwan teku ya yi ɗumi, digiri 26 ko fiye, sai ta sha tururi ta fara juyawa. In gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa, a raɗa mata suna kamar ɗan mutum. In ya kai 119, ta zama babbar guguwa. Cikin guguwowin Atlantika mafiya ƙarfi, wajen kashi 85 bisa 100 daga igiyoyin nan na Afirka suke fitowa.

Shi ya sa mutanen tsibiran Karayib, can hayin teku kusa da Amurka, idonsu na kan gabas daga 1 ga Yuni har 30 ga Nuwamba. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina, in masifa ta zo babu garin maƙwabta da za ka kora bisashe ka nufa. Akwai wata ma'aikata a birnin Miyami na Amurka mai bin sawun kowace igiya da hotunan tauraron ɗan'adam. Sau 4 a rana take fid da sanarwa. Ta faɗi inda igiyar take, ta ce misali kashi 20 ko kashi 70 bisa 100 za ta iya zama guguwa cikin kwana 2 ko kwana 7. Daga nan meteyo na kowane tsibiri ya ɗauka, ya faɗa ma mutanensa ta radiyo: masunta masu ƙananan jirage kada su yi nisa da gaɓa, masu gida bakin gulbi su kwana da shiri, masu mota su kula da duwatsu masu gangarowa.

Sai dai akwai tarko cikin lissafin nan. Kashi 20 ko 70 maganar iska ce, ba ta faɗin yawan ruwan da zai zuba. Mutum ya ji an ce iskar ba ta da ƙarfi, sai ya kwanta barci. A ganina nan ne hatsarin ya fi yawa.

Ku dubi abin da ya samu Dominika. Tsibiri ne ƙarami, mutanensa wajen dubu 70, manoman ayaba da gwaza da kwakwa, da masunta. Ƙasar duk tsauni ce, mafi tsawo ya kai mita 1.447, kuma ƙoramu da gulabe sun yi mata yawa har suna cewa 365 gare su. Ran 21 ga Agusta 2015 wata igiya ta bar gaɓar Afirka. Bisa hanya aka sa mata suna Erika. Iskarta ba ta wuce kilomita 85 a awa ba, kuma tsakiyarta arewa da Dominika ta bi. Amma gajimaren da take ja ya ci karo da tsaunukan, ya hau, ya sauke kayansa duka. Ran 27 ga Agusta, a tashar awon ruwa ta Canefield, milimita 320 aka auna cikin awa 12. Ku da kuke jin milimita a radiyo kun san nauyin wannan: ya fi rabin ruwan da Maraɗi ke samu a shekara.

Gulabe suka yi ambaliya, suka tafi da gadoji, ruwa ya shiga filin jirgin sama. Ƙasar tsaunuka ta sha ruwa har ta saki, ta gangaro da itatuwa da duwatsu ta rufe gidaje. Mutum 30 suka rasu. Ƙauyen Petite Savanne, inda abin ya fi muni, sai da aka kwashe mutanensa kaf, daga baya gwamnati ta gina masu gidaje wani wuri. Shekara 2 bayan haka, ran 18 ga Satumba 2017, babbar guguwa Maria ta zo masu, ita ma ɗiyar igiyar Afirka ce. Wannan karon iska ce ta kwashe rufin kusan dukan gidajen tsibirin.

Kusa da mu ma an gani. Tsibiran Kap-Ver suna cikin teku wajen kilomita 600 yamma da Dakar, su ne zangon farko na igiya in ta bar Afirka. Ɗaya daga cikinsu, Sao Vicente, busasshiyar ƙasa ce, ƙoramunta ba su ganin ruwa sai jefi-jefi, har mutane sun yi gini cikin hanyar ruwa. Mu da muka ga damanar 2024 mun san ƙarshen irin wannan gini. Daren 10 wayewar 11 ga Agusta 2025 wata igiya ta bi ta kansu, ko suna ba a ba ta ba tukuna. Cikin awa 5 ta zubar da milimita fiye da 190, abin da ya wuce ruwansu na shekara guda. Ruwa da laka suka ratsa birnin Mindelo cikin dare, suka tafi da motoci da kayan kasuwa. Mutum 9 suka rasa rai.

Sai da gari ya waye, ɓarna ta riga ta auku, sannan Miyami ta raɗa mata suna Erin. Kwana 5 bayan nan ta zama guguwa mai daraja ta 5, wadda babu sama da ita, amma tsakiyarta ta bi arewa da tsibiran Karayib ba ta hau ƙasa ba.