Bairos a Shafin Intanet: Yadda Yake Shiga da Yadda Ake Farfaɗo da Shafin

Shafin intanet yana kamuwa da bairos kamar yadda kwamfuta da wayar hannu ke kamuwa. Abin da ake kira shafi tarin fayiloli ne da hotuna da rumbun bayanai, a ajiye cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana, a wani ɗaki mai sanyi a Legas ko Abuja, ko can Jamus ko Amurka. Aikinta shi ne ta karɓi umarni daga duk wanda ya buɗe shafin ta aiwatar. Na'urar da ke karɓar umarni daga baƙi kuwa tana iya karɓar mugun umarni, matuƙar an sami kafar da za a cusa mata shi.

A unguwar Jakara, cikin birnin Kano, wannan magana ta shafi aljihun mutane. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a ƙarni na 15 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tun asali kasuwar fatake ce da ke sayar wa na nesa. Yau ma ana aika jakunkunan fata, da huluna, da kayan doki, da turare, da littattafai zuwa garuruwan da mai rumfa bai taɓa takawa ba. Yawancin wannan ciniki ta WhatsApp da Facebook da Instagram ake yin sa, kuma abin da ke samun mutane a can galibi ƙwace asusu ne ta hanyar yaudara, domin kamfanonin ne ke kula da nasu sabobin. Amma wanda ya buɗe shafi nasa na kansa, ko ɗan kasuwa ne mai neman masu saye a ƙetare, ko makaranta mai karɓar kuɗin zango, ko kamfanin jigilar Hajji da Umara, ya ɗauki wani nauyi daban. Ya zama kamar wanda ya kama hayar rumfa a kasuwa: masu kasuwa ke tsare babbar ƙofa, amma kwaɗon rumfar da makullinta suna wuyansa.

Bairos da ke yaɗa kansa daga shafi zuwa shafi ya daɗe da bayyana. A ranar 19 ga Yuli, 2001, wani mai suna Code Red ya kama kwamfutoci fiye da 359,000 masu ɗauke da shafuka cikin ƙasa da awa 14. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar da bairos ɗin ya bi wata guda kafin nan, masu kula da sabobin ne ba su ɗora ba. A Oktoban 2005, wani matashi mai suna Samy Kamkar ya saka 'yan layukan umarni a shafinsa na MySpace, duk wanda ya leƙa sai nasa ya kamu, har suka haura miliyan ɗaya cikin kimanin awa 20, dole kamfanin ya rufe dandalin na ɗan lokaci don ya share.

Irin wannan annoba ta yi ƙaranci yanzu. Abin da aka fi gani shi ne muguwar manhaja da masu kutse ke dasawa a shafi ta zauna shiru. Masu ƙananan shafuka sukan ce wa zai damu da su, alhali ba banki ba ne su, ba gwamnati ba. Wannan tunani shi ne ke cutar da su. Mai kutse ba ya zama ya zaɓi shafin wani mai sayar da huluna a Kano. Manhajoji ne yake saki masu zagaya intanet ba dare ba rana, suna gwada kowane shafi da suka tarar, kuma duk inda suka sami kafa sai su shige, ba tare da sun san na wane ne ba.

Kafar da ta fi yawa ita ce tsohuwar manhaja. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su, kuma akan ƙara masa ƙananan manhajoji, wato filogin, don yin wasu ayyuka: wannan na jera hotuna, wancan na karɓar kuɗi, wani na cike fom. Kowanne daga cikinsu wani ne daban ya rubuta shi, kuma kowanne yana iya zuwa da kuskure. A Disambar 2014, kafa ɗaya a cikin wani filogin na jera hotuna mai suna Slider Revolution ta sa shafuka fiye da 100,000 suka kamu da bairos ɗin da aka laƙaba wa SoakSoak. Da yawa daga masu shafukan ba su ma san suna da wannan filogin ba, don a cikin zanen shafin da suka saya ya zo. A Najeriya, hukumar NITDA takan fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan kafofi, sai dai gargaɗin ba ya cika isa kunnen mai shago.

Akwai kuma wata hanya da ta fi kusa da gida. Zanen shafi da filogin masu kyau na kuɗi ne, da dala ake biya. Mai haɗa shafi da aka matsa wa a kan farashi yakan sauko da na sata, waɗanda aka fasa aka baza kyauta. Wanda ya fasa su ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa ya riga ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, shafin kuma da cutarsa ake haihuwarsa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Sauran hanyoyin sanannu ne: kalmar sirri mai sauƙin zato, ko wadda ake amfani da ita a wurare da yawa; kwamfutar mai kula da shafin da ta kamu ta hanyar filashi ko manhajar sata, ta kwashe kalmomin sirrinsa ta aika waje; da kuma shafuka da yawa da aka cusa a asusu ɗaya na hayar saba, inda kamuwar ɗaya kan zama kamuwar duka.

Idan an shiga, abin da ake yi da shafin ya danganta da abin da zai kawo kuɗi. Wani a mayar da shi mai tura baƙi zuwa shafukan caca ko na batsa. Wani a cika shi da dubban tallace-tallacen jabun magunguna waɗanda injin Google kaɗai ke gani. Wani a ɓoye fom na bogi mai kama da na banki a cikinsa, wani kuma a riƙa aika saƙonnin imel na damfara da sunansa. Mafi muni shi ne satar bayanan katin kuɗi a daidai lokacin da mai saye ke rubuta su. Haka ta faru da kamfanin jiragen British Airways a 2018, inda aka taɓa bayanan mutane fiye da 400,000, hukumar kare bayanai ta Birtaniya kuma ta ci shi tarar fam miliyan 20 a 2020.

Sauya fuskar shafi, wato a goge abin da ke kai a rubuta wani saƙo, shi ya fi jan hankali, ko da yake ɓarnarsa ba ta cika kai ta sauran ba, tunda nan take ake ganewa. An yi wa shafin hukumar zaɓe ta INEC haka ranar 28 ga Maris, 2015, ana tsaka da zaɓen shugaban ƙasa, aka kuma maido shi a ranar. A Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa an yi wa shafinta kutse, ta roƙi jama'a su yi watsi da duk abin da suka gani a kai, shafin kuma ya shafe makonni kafin ya dawo.

Mai shafi shi ne yakan zama na ƙarshe da zai sani. Ana rubuta wasu daga waɗannan manhajoji ta yadda za su ɓuya idan mai shafin ne ya shiga, su bayyana ga baƙon da ya zo ta Google a wayarsa. Don haka labari yakan zo ne daga abokin ciniki da ya kira ya ce shafin ya kai shi wani wuri, ko daga jan allon gargaɗi da burauza irin su Chrome ke nunawa, ko daga kamfanin hayar saba da ya dakatar da asusun.

Farfaɗowa tana yiwuwa, kuma mafi yawan shafuka suna dawowa. Amma aikin yana da tsari, wanda ya tsallake mataki yakan koma gidan jiya. Da farko akan rufe shafin ga jama'a don kada baƙi su ci gaba da cutuwa, a sanar da kamfanin haya. Kafin a goge komai, ana ɗaukar kwafin shafin yadda yake da cutarsa, tare da kundin da saba ke rubuta duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa. Mai gaggawa yana ganin wannan ɓata lokaci ne, alhali a nan kaɗai za a gano ta inda aka shigo da ranar da aka shigo. Daga nan sai a sauya dukkan kalmomin sirri: na shafin, na asusun haya, na rumbun bayanai, da na imel ɗin da ke haɗe da su. Wajibi ne a yi haka daga kwamfuta mai tsabta, domin idan na'urar mai kula da shafin ce tushen matsalar, sabuwar kalmar ma za ta bi sahun tsohuwar.

A wannan gaɓa ce ake bambance mai kwafin ajiya da wanda ba shi da shi. Mai kwafi zai share komai ya ɗora tsohon shafinsa, da sharaɗin kwafin ya girmi ranar kutsen. Bairos yakan yi makonni ko watanni kafin a lura da shi, saboda haka kwafin jiya yana iya zama mai ɗauke da cutar. Shi ya sa ake ajiye kwafi na lokuta daban-daban. Inda aka ajiye shi ma abin dubawa ne. A Maris 2021, gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu abokan cinikin kuma suka tarar kwafin ajiyarsu a wuri guda yake da shafin, ya ƙone tare da shi. Mai kutse da ya mallaki asusun haya shi ma yana iya goge duk kwafin da ke ciki. Kwafin da za a dogara da shi shi ne wanda ke wani wuri daban.

Wanda ba shi da kwafi aikinsa ya fi tsawo. Za a sauko da sabon WordPress da sabbin filogin daga tushensu na asali a maye gurbin tsofaffin gaba ɗaya, maimakon a tsaya tsince-tsince. Sai a bi babban fayil ɗin hotuna, inda bai kamata a ga fayil mai ɗauke da umarni ba, a bi rumbun bayanai a cire abin da aka cusa, a duba jerin masu ikon gudanar da shafin a goge duk sunan da ba a sani ba. Masu kutse sukan bar ɓoyayyun ƙofofi fiye da ɗaya, guda ɗaya da aka manta ta isa ta maido da su cikin kwana biyu. Idan rubuce-rubucen shafin sun salwanta, wani lokaci akan samo su a Wayback Machine, ma'ajiyar da ke adana tsofaffin fuskokin shafuka, sai dai ba ta ajiye bayanan masu saye ko lissafin ciniki.

Ko ta wace hanya aka bi, dole a toshe kafar kafin a sake buɗewa: a sabunta komai, a cire filogin ɗin da ba a amfani da shi, a jefar da na sata, a ƙara matakin tabbatarwa na biyu ta waya. Bayan haka ne ake neman Google, ta hanyar Search Console, ya sake duba shafin ya cire jan allon, abin da kan ɗauki daga yini guda zuwa 'yan kwanaki.

Doka ma tana da magana. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, bayan gyaran 2024, ta wajabta kai rahoton kutse ga hukuma cikin awa 72. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan satar na iya cutar da masu su, da kuma sanar da mutanen kansu idan haɗarin babba ne. Makarantar da ke ajiye sunayen ɗalibai, ko kamfanin tafiye-tafiye da ke karɓar hotunan fasfo, ba su da hujjar yin shiru don gudun kunya. Mutumin da aka kwashi bayanan katinsa yana da haƙƙin ya sani da wuri, ya je banki ya rufe.

Wani cikas da ba na fasaha ba yakan tsayar da duk wannan aiki. Sau da yawa wani matashi ne ya haɗa wa mai shago shafin, ya yi rajistar sunan da asusun haya da imel ɗinsa da lambar wayarsa, aka biya shi, aka rabu. Bayan shekara biyu ya tafi bautar ƙasa ko ya sauya layi. Ranar da matsala ta taso, kamfanin haya ba zai saurari kowa ba sai wanda sunansa ke kan asusun, kuma yana da gaskiya. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma ana iya neman maido da suna da takardun shaida, amma hanya ce mai cin lokaci, shafin kuwa yana can yana cutar da baƙi. Abin da ya dace tun ranar farko shi ne rajistar ta kasance da sunan mai kasuwancin da imel ɗinsa, a ba mai haɗawa izinin shiga na daban wanda za a iya janyewa, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai riƙa sabunta shafin da ɗaukar kwafi, da abin da za a biya shi.

Bayan shafi ya dawo, akan ci gaba da sa ido na wasu makonni, ana duba ko sabbin fayiloli sun ɓullo ko wani baƙon suna ya sake bayyana cikin masu gudanarwa. Matsayin shafin a sakamakon binciken Google yakan ɗauki lokaci kafin ya koma yadda yake, kuma idan an yi amfani da shi wajen aika saƙonnin damfara, sai an nemi a cire adireshinsa daga jerin waɗanda aka toshe kafin imel ɗin kasuwancin ya ci gaba da isa ga masu saye.