Daga Zauren Maigida zuwa Cibiyar Raino: Tarbiyyar Sabon Kamfani a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda cibiyoyin rainon sababbin kamfanoni suke sarrafa tunanin masu kafa su, tare da kwatanta su da tsarin maigida da yaronsa da aka gada a kasuwancin ƙasar Gumel.

Yadda Cibiyar Raino Take Aiki

Cibiyar Y Combinator, wadda aka kafa a Amurka a 2005, ita ce ta fito da salon da ake kwaikwaya a yau. Takan zaɓi rukunin matasa, ta ba su jari a madadin wani kaso na mallakar kamfani, ta horar da su na kimanin wata uku, sannan su gabatar da hajarsu ga masu zuba jari. Kamfanin Paystack na Legas ya bi ta wannan hanya a 2016, kuma Stripe ya saye shi a 2020. Abin da cibiyar take bayarwa ya wuce kuɗi: tana ara wa baƙon ido sunanta, har waɗanda ba su san shi ba su amince masa.

Tsarin Maigida

Aron suna ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, yaro yakan shafe shekaru yana bin maigidansa. A nan yake koyon kimanta sa da ido, da karya farashi, da riƙon amana. Idan ya ƙware, maigida ya ba shi jari, ya kuma tsaya masa wajen karɓar kaya bashi. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan.

Inda Suka Rabu

Bambancin yana ga lokaci da kuma mallaka. Shawarar cibiya ita ce a bunƙasa cikin gaggawa, domin ribarta tana ga ranar da darajar kamfani ta ninka. Amma matashin da yake tara riɗi ko zoɓo daga manoman Gagarawa da Sule Tankarkar, da kaka yake lissafi, kuma kaka sau ɗaya take zuwa a shekara. Idan ya ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfin damina, zai rasa yardar manoma da ta masu jari gaba ɗaya. Haka kuma, yaron maigida yakan tsaya da ƙafarsa daga bisani, biyayya da zumunci su rage. Kason da aka miƙa wa cibiya kuwa ya fita hannu ke nan.

Kammalawa

Tun da aka sa hannu kan dokar sababbin kamfanoni ta Nijeriya a 2022, irin waɗannan cibiyoyi sun sami gurbi a doka. Abin da ya dace matashin ƙasar Gumel ya ɗauka daga gare su shi ne rubuta lissafi da sauraren mai saye. Saurin tafiya kuwa, kasuwarsa ce za ta faɗa masa.