Ruwan Damanar Ɗan Issa Daga Teku Yake Tasowa

Manoman Ɗan Issa sun san hadari daga gabas yake tasowa. Gaskiya ne. Amma laimar da ke cika hadarin daga kudu maso yamma take zuwa. Iska ce ke ɗauko ta daga tekun Atilantika, can gaba da Legas da Kwatano. Tsakanin tekun da Ɗan Issa akwai fiye da kilomita 700.

Ruwan teku ba a kwance yake kamar na tabkin Madarunfa ba. A cikinsa akwai manyan gulabe masu gudu, kamar Gulbin Maraɗi, sai dai su ba su ƙafewa da rani. Iska da juyawar duniya ne ke tura su. Mafi ƙarfinsu suna bin gefen ƙasashe. Wasu na ɗauke da ruwa mai ɗumi, wasu mai sanyi.

Akwai wani mai ɗumi da ake kira Galf Istirim. Yana bin gefen Amurka ya nufi Turai. Ruwan da yake ɗauke da shi ya fi na dukan kogunan duniya in an haɗa su. Yana cikin abubuwan da ke rage wa Ingila da Faransa tsananin ɗari.

Wani kuma mai sanyi ne, sunansa Bengela. Daga kudancin Afirka yake tasowa, ya bi gefen Namibiya ya yi arewa. Ruwan sanyi ba ya tada hadari. Shi ya sa bakin tekun Namibiya ya zama hamada: ga ruwa ido na gani, amma babu na shibka. Haka ma bakin tekun Moritaniya, inda gulbin Kanari ke wucewa.

To, mene ne haɗin wannan da gonar hatsi?

Da bazara ƙasa na yin zafi ƙwarai. Iska mai zafi ta tashi sama, ta bar gurbi. Sai iskar teku, wadda ta fi sanyi, ta taso ta cike gurbin, tana ɗauke da laima. Wajen watan Yuni ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku a kudu da Gana da Benin, ya haɗu da wanda gulabe ke kawowa daga kudu. Teku ya ƙara sanyi, ƙasa kuwa na da zafi. Iskar ta ƙara ƙarfi, ta kai laima har Katsina da Jibiya da Ɗan Issa, har ta wuce Dakoro.

Idan kuwa tekun ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, iskar sai ta yi rauni. Ruwa ya tsaya yana zuba a bakin teku, arewa ta rasa. Haka ya faru a 1984. Dattawan ƙasar Maraɗi ba su manta da yunwar da ta biyo baya ba, wadda ake kira El Buhari. A 1986 wasu masana a Ingila suka auna zafin tekuna na shekaru da yawa. Suka gano cewa a shekarun fari, irin su 1973 da 1984, tekunan kudu sun yi ɗumi fiye da yadda suka saba, na arewa kuwa sun yi sanyi. A da, mutane da yawa sun ɗora laifin farin ga sare itace da yawan kiwo. Sare itace ɓarna ce, babu shakka. Amma babban dalilin yana cikin teku.

Zafin teku ba ya saurin canzawa. Don haka ana iya duba shi tun watan Afrilu a kintaci damana. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana wannan aiki tare da ma'aikatan yanayi na ƙasashe. Kowace shekara kafin shibka suna faɗin ko damana za ta zo da wuri, da ko ruwa zai yi yawa ko kaɗan. Ana sanarwa a rediyo.

Kintacen na yanki ne baki ɗaya, ba na gona guda ba. Ana iya yin ruwa a Madarunfa, Ɗan Issa ba ta samu ba. Amma idan aka ce damana za ta yi gajarta, gara manomi ya nemi iri mai saurin nuna wurin malamin gona. Ya kuma ajiye wani kaso na irin, ko da shibkar farko ta ƙone.