Daushe: Halin Goro da Sirrin Ajiyarsa

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, daga wajen Tudun Wada, ba zai rasa ganin mai goro da faifansa a bakin hanya ba. Amma ba kowa ne ya san dalilin da ya sa goro biyu masu girma ɗaya kan sha bamban a kuɗi ba. Dalilin kuwa yana cikin halin goron da irin ajiyar da ya samu.

Tarihin goro a Zazzau daɗaɗɗe ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna cewa Sarkin Nupe ya aiko wa Sarauniya Amina da goro 10,000, kuma ita ce ta fara samunsa a ƙasar Hausa. Daga baya fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka riƙa tafiyar watanni da jakuna zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda a yau take cikin Ghana. Da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai cinikin ya karkata zuwa ƙasar Yarabawa, irin su Agege da Shagamu.

Goron da Bahaushe ya fi so shi ne mai ɓari biyu, fari ko ja, saɓanin hannunruwa mai ɓari da yawa da yauƙi. A cikinsa akwai sinadarin kafin, kimanin kashi 2 cikin 100, wanda ke korar barci da gajiya. Akwai kuma dangin tanin, waɗanda ke kawo baurin da ke kama harshe. Irin wannan tanin ne ke cikin jar giyar inabi ta Faransa, wadda masu ita kan ajiye shekaru har baurinta ya kwanta. To, goro ma lokaci ne ke horar da shi, sai dai nasa lissafin na watanni ne.

Galibin goro ana ɗibarsa ne daga Oktoba zuwa Disamba. Sabon goro cike yake da ruwa, ga bauri mai ƙarfi. Bayan an ɓare shi an wanke, sai a bar shi 'yan kwanaki cikin kwando ya yi gumi, sa'an nan a naɗe shi da ganyen fita a ɗaure huhu. A cikin huhun ruwansa kan ragu a hankali, jikinsa ya yi ƙwari, baurin ya lafa, garɗinsa ya fito. Wanda ya jure har ya ga wata kaka shi ake kira daushe, kuma shi ne goron manya.

Sai dai ba kowane goro ne ke kaiwa wannan matsayi ba. Tilas ya zama ya ƙosa a kan itacensa, ba shi da rauni ko ƙujewa. Abokan gabarsa uku ne. Na farko iskar hunturu, wadda ke busar da shi ya yamutse. Na biyu yawan laima, wanda ke ruɓar da shi. Na uku sankara, watau ƙwaron da ke huda shi ya cinye cikinsa, alhali bayansa na nan sumul. Saboda haka mai goro kan kwance huhu lokaci lokaci, ya tsince wanda ya ɓaci, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado. In ya yi sakaci, goro ɗaya mai sankara ya isa ya lalata huhu, jarin shekara ya tafi. In kuwa ya yi haƙuri har goro ya yi wuya a kasuwa, ribarsa sai ta ninka.

Haɗarin bai tsaya ga falke kaɗai ba. Goro ana saye ƙwarya ƙwarya ne, watau ɗari ɗari, domin ɗaurin aure da raɗin suna da gaisuwar sarakuna. Wanda ya raba wa jama'a goro mai sankara ya ji kunya a bainar dangi. Shi ya sa gwanin saye ba ya ruɗuwa da girman goriya. Zai auna nauyinta a tafin hannu, ya duba jikinta ko da huda, ya ɓantara ya ɗanɗana, kafin ya yi ciniki.