Amfani da Winci Wajen Ginar Rijiya a Ƙasar Fakku da Hanyoyin Kauce wa Haɗarinsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda winci yake aiki a bakin rijiya, da kuma inda haɗarinsa yake ɓoye. Mun zaɓi Fakku, da ke Ƙaramar Hukumar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, domin a irin waɗannan garuruwa rijiyar da aka gina da hannu ba ta daina amfani ba, duk da yaɗuwar burtsatse. Ginar rijiya mai kankare ta kafu a Lardin Sakkwato tun zamanin Turawa, har H. A. Cochran ya wallafa littafi a kan dabarun wannan aiki a Nijeriya a 1937.

Abin da muke nufi da winci shi ne gangar ƙarfe ko ta itace wadda igiya ke naɗuwa a jikinta idan an juya mariƙi. Ya bambanta da kura guda da ake rataya wa igiya, wadda sauya wa ja fuska kawai take yi. Ana amfani da shi wajen fid da mota daga taɓo da ɗaga kayan gini, amma a nan za mu tsaya ga rijiya.

2.0 Yadda Yake Rage Nauyi

Idan faɗin rami mita 1.5 ne, duk zurfin mita guda yana fitar da ƙasa wajen tan 3. Ke nan rijiya mai zurfin mita 20 za ta fitar da kusan tan 60, kuma duk da guga za a hau da ita. Wannan ne ya sa magina suke bukatar winci.

Sirrinsa kuwa yana cikin tsawon mariƙi. Alal misali, idan mariƙi santimita 40 ne, daga tsakiyar ganga zuwa bayanta kuma santimita 10, to guga mai kilo 40 za ta zo wa hannu kamar kilo 10, sai ɗan ƙarin da gogayya ke jawowa. Ladan wannan sauƙi shi ne hannu zai yi tafiyar da ta ninka ta guga sau huɗu.

A nan ne muke son a lura ƙwarai. Hannun mai juyawa kaɗai aka sauƙaƙa wa. Igiya da ƙugiya da sandunan da ke riƙe da ganga suna ɗauke da kilo 40 ɗin nan cif. Saboda haka mai juyawa yakan yarda a ƙara cika guga, tun da shi bai ji a jikinsa ba. Bugu da ƙari, idan igiya ta hau kan 'yar'uwarta a jikin ganga, kaurin gangar ya ƙaru ke nan, watau kaya sun fi nauyi a hannu daidai lokacin da suka kusa fitowa, sa'ad da mutum ya riga ya gaji, kuma na cikin rami ya fi nisa da su. Dutsen da ya faɗo daga mita 20 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa.

3.0 Matakan Tsaro

A ganinmu, wincin da ba shi da makari bai cancanci a kafa shi a bakin rijiya ba, ko da ya fi araha a wurin mai walda. Makari shi ne ɗan ƙarfen da ke faɗawa tsakanin haƙoran faifai ya hana ganga komawa baya. In babu shi, da zarar hannu ya suɓuce, guga ta yi ƙasa, mariƙi kuma ya juyo da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi. Sai dai makari ba ya aiki wajen saukarwa, domin dole a ɗage shi. A nan birki ake bukata, ko kuwa mutum biyu, kowa da mariƙinsa, kada ɗaya ya saki sai guga ta zauna.

Dangane da igiya, ƙa'idar masana ita ce ƙarfinta ya ninka nauyin kaya aƙalla sau 5, idan kuwa mutum za ta ɗauka, sau 10. Lalle a bar aƙalla naɗi uku a jikin ganga ko da guga ta kai ƙasa, don kada nauyi ya koma kan ƙulli. Igiyar waya da ta lanƙwashe ko silinta suka fara tsinkewa ta gama aiki. Ɗaure ta ba gyara ba ne. Haka kuma mai shiga rami ya kamata a ɗaura masa igiya ta biyu wadda ba ta bi ta kan ganga ba.

Saura batun iska, wanda ya shafi winci kai tsaye, domin shi ne hanyar fitar da wanda ya suma. Fitilar da aka zura ta mutu tana nuna iskar numfashi ta yi ƙaranci, amma ba ta nuna gubar hayaƙin inji, wadda ba ta da launi ko wari. Don haka kada a saukar da injin fetur cikin rami, kuma muddin akwai mutum a ciki, masu juyawa ba za su bar bakin rijiya ba, ko don cin abinci. Sai dai a yi karɓa-karɓa.