In Babu Ruwa A Kogi, Babu Biki A Gogaram

Daga Wakilinmu Na Arewa, Dapchi

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, waɗanda suka saba ganin bandar kifin Gashuwa da Nguru a kasuwa, ya kamata su san cewa ƙasar da kifin nan yake fitowa tana da bukukuwan da suka isa mutum ya ɗaura niyyar tafiya dominsu. Babba a cikinsu shi ne bikin kamun kifi na Bade, wanda ake yi a Gogaram cikin rani, wajen watan Fabrairu ko Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya.

Mai zuwa daga Damaturu zai bi ta nan Dapchi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bursari, tafiyar kimanin kilomita 100, ya wuce Bayamari, sa'an nan ya karya yamma zuwa Gashuwa. Abin baƙin ciki, yawancin mutanen Kudu ba su san sunan Dapchi ba sai ran 19 ga Fabrairu, 2018, da aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kwana. Rashin zaman lafiyar shekarun nan ya taɓa har bukukuwan ƙasar, amma an koma ana yi.

Gogaram kuwa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Mai Lawan Babuje ne ya kewaye shi da ganuwa a ƙarni na 19, ya haɗa kan Badawa, ya ƙi bin Barno, ya kuma ƙi bin Fulani. Nan ne fadar Mai Bade har 1946 da aka mayar da ita Gashuwa. Saboda haka in Mai Bade ya tafi Gogaram ran biki da hakimansa, gidan kakanninsa ya koma.

Ran kamu, masunta kan jeru a bakin ruwa, kowa da gorarsa da homarsa, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini. Da an ba da, sai ka ga ruwa ya rufe da mutane, kowa ya kifa ciki bisa gora yana tuƙi da hannu, makaɗa suna zuga su daga tudu. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwarzon shekara. Ga kokawa da rawar gargajiya, ga 'yan koli da masu tsire sun kafa kasuwa.

To, amma duk wannan sai da ruwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne suke haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, kuma ambaliyarsu ta damina ita ce take cika fadamun da kifi yake hayayyafa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan ya daina zuwa yadda ya saba. Ambaliya ta ragu, sai ruwa kaɗan kaɗan da ake saki duk shekara, wanda shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa wani wuri ya nutse, wani ya bushe, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye gero da shinkafa. A ganina, duk hukumar da za ta kashe kuɗi kan rumfunan manyan baƙi ba ta yashe kogi ba, ta fara gini daga rufi ne.

Akwai abin koyi a wata ƙaramar masarauta ta mabiya addinin Buda a duwatsun Himalaya, wato Butan. Ba ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido ba sai 1974, kuma bukukuwanta na addini, irin na garin Paro inda malamansu suke rawa da fuskokin katako, don mutanen ƙasa ake yinsu, baƙo ɗan kallo ne. A 2023 ta mayar da harajin baƙi daga yawancin ƙasashe dala 100 kowane dare, da sunan raya ƙasa da kiyaye dazuzzuka. Mu ma baƙi sun san hanyar nan: Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona kusa da Gashuwa a 1989 don ganin tsuntsayen da suke ƙetaro hamada daga Turai.

Wanda ya zo kada ya juya daga Gashuwa. Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930, tana cika da baƙi lokacin Mauludi a zawiyar Shehu Muhammadu Gibrima, babban malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1975. Gaba kaɗan kuma ga Machina bisa duwatsunta, inda ba a kashe macizan fada domin ana ɗaukarsu dangin gidan sarauta, ita ma tana da bikinta na hawan dawaki kowace shekara.

Mai tasowa daga Ikko sai ya bi mota zuwa Kano, ya biyo ta Haɗeja. Ranar bikin Gogaram tana sakewa kowace shekara, fadar Mai Bade ce take sanarwa, sai a tambayi 'yan gida kafin a nemi hutu.